Ina maƙwabtan Kidane suka nufa? Nazari a kan fim ɗin Timbuktu

A cikin fim ɗin Timbuktu, wanda Abderrahmane Sissako, ɗan ƙasar Muritaniya, ya fitar a shekarar 2014, akwai wata ƴar gajeriyar hira da masu sharhi ba su cika tsayawa a kanta ba. Satima, matar makiyayin nan Kidane, tana zaune a tantinsu can bayan gari, ta nuna wa mijinta cewa maƙwabta duk sun kwashe sun tafi, su kaɗai suka rage cikin rairayi. Shi kuwa bai ga dalilin tashi ba. Daga nan fim ɗin ya ci gaba da labarin waɗanda suka zauna, bai bi sawun waɗanda suka tafi ba. Mai kallo a Paris ba zai ji wani giɓi a nan ba. Amma malamin makarantar da ya yi aiki a Abala ko arewacin Tawa ya san inda irin waɗannan maƙwabta suka nufa, tun da ƴaƴansu ya zaunar a aji.

Dole a fara ba fim ɗin haƙƙinsa, domin aiki ne na gwani. Labarin yana gudana ne a lokacin da masu iƙirarin jihadi suka riƙe birnin Tumbutu, daga farkon Afrilun 2012 zuwa ƙarshen Janairun 2013. Sissako bai nuna fagen daga ba. Abin da ya nuna shi ne yadda mulkin bindiga yake shiga cikin ƙananan al'amuran yau da kullum: mai shela yana zaga gari da lasifika yana hana sigari da kiɗa, mai sayar da kifi an tilasta mata sa safar hannu ta ƙi, har ta miƙa hannuwanta a yanke, limami yana fitar da masu takalma da makamai daga masallaci da sanyin murya. Samari suna buga ƙwallon ƙafa ba ƙwallo, suna gudu, suna cin raga, suna murna, kuma da wuya wanda ya ga wannan wuri ya manta da shi. Haka wurin da ake yi wa mawaƙiya bulala, wadda Fatoumata Diawara ta fito a matsayinta, kukanta yana juyewa waƙa.

Abin da ya fi wannan wuya, kuma ya yi shi, shi ne ƙin mai da ƴan bindigar dodanni. Ɗaya yana ɓuya bayan tudun rairayi ya sha tabar da ya haramta wa wasu, yana kuma kewaya tantin matar aure in mijinta ba ya nan. Waɗansu suna gardamar wa ya fi tsakanin Zidane da Messi. Ba sa ma jin harshen juna sai da tafinta: Larabci, Tamashek, Bambaranci, Faransanci da Ingilishi suna ta karo. Musulmin Sahel da ya kalli wannan zai ji an yi masa adalci, don kuwa addini a fim ɗin yana bakin limami da talakawan gari ne.

Sai dai Tumbutun Sissako gari ne da ba shi da jiya, ba shi kuma da hanyar fita. Ƴan bindigar kamar daga sama suka faɗo. Fim ɗin bai bi makamansu zuwa Libiya ba, inda faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makamai, ta kuma koro mayaƙa da dubban ƴan ci-rani zuwa kudu. Bai nuna ƙungiyar tawaye ta MNLA ba, wadda ta buɗe wuta a Menaka ran 17 ga Janairun 2012, ta shiga garuruwan arewa tare da masu jihadin kafin su kore ta. Ba juyin mulkin Bamako na watan Maris, ba sojan Mali da ya janye ya bar mutane. Mai fasaha yana da ikon zaɓar abin da zai nuna, ba wanda ya ce fim ya zama littafin tarihi. Amma zaɓi yana da sakamako. In aka cire tawaye da gwamnati da Libiya, abin da ya rage shi ne baƙi mugaye da ƴan gari bayin Allah, kuma maganin irin wannan labari ɗaya ne: a zo daga waje a kori baƙin.

Ga maƙwabci ba haka yaƙin ya zo ba. Tun cikin makonnin farko mutanen Menaka da Anderambukan suka tsallako zuwa Cinagodar, ƙauyen iyaka a jahar Tilaberi. Aka buɗe sansanoni a Abala da Mangaize da Tabarebare kusa da Ayoru, sannan wuraren saukar makiyaya a Intikan da Tazalit cikin jahar Tawa. Waɗansu suka nufi Mbera a Muritaniya, waɗansu Burkina Faso. Bayan ƴan gudun hijira sai wuta ta biyo. Ran 23 ga Mayun 2013 aka kai harin ƙunar baƙin wake barikin soja na Agadas da ma'adinin uraniyum na Arlit, waɗanda suka kai shi suka danganta shi da shigar Faransa da Nijar yaƙin Mali. A Oktoban 2016 aka kashe jami'an tsaro 22 da ke gadin Tazalit. A Disamban 2019 soja 71 suka faɗi a Inates, bayan wata guda kuma 89 a Cinagodar ɗin nan da ta fara karɓar baƙi. Shi kansa fim ɗin shaida ne: ba a iya ɗaukarsa a Tumbutu ba, sai a Walata ta Muritaniya, ƙarƙashin gadin sojan ƙasar.

Duk da haka akwai wani zare a cikin labarin da ya shafi maƙwabta kai tsaye, ko da mai fim ɗin bai ja shi zuwa ƙarshe ba. Saniyar Kidane mai suna GPS ta kuɓuce wa yaro mai kiwo, ta faɗa cikin tarun masunci Amadou, shi kuwa ya jefe ta da mashi. Kidane ya ɗauki ƙaramar bindiga ya tafi, duk da gargaɗin matarsa. Suka kama kokawa cikin ruwa, harsashi ya tashi. Kyamara ta ja can nesa, mutum ɗaya yana tafiya zuwa wannan gaɓa, ɗayan yana faɗuwa a wancan gefe, rana tana faɗuwa. A duk fim ɗin ba hoton da ya kai wannan, kuma babu ɗan jihadi ko ɗaya a cikinsa. Rigima ce ta ruwa da dabba, irin wadda kowane sarkin gari daga Dakwaro zuwa Filinge ya sha zama a kanta. Abin da yaƙi ya ƙara mata shi ne bindiga a hannu da sabon alƙali.

Ta wannan ƙofa ce rikicin Mali ya fi shiga ƙasashen da ke kewaye. A arewacin Tilaberi an daɗe ana jayayya kan wuraren kiwo da satar dabbobi tsakanin Fulani da Dausahak na iyaka, kuma a 2012 waɗansu samarin makiyaya na Nijar sun shiga ƙungiyar MUJAO a Gao don neman makami da kariya. Kisan fararen hula 137 a ƙauyukan Tiliya cikin Maris 2021 ba ya fahimtuwa in an ajiye wannan tarihi gefe. Sissako ya taɓa wurin ciwon, sa'an nan ya janye hannu. Ya mai da shari'ar Kidane ƙaddarar mutum ɗaya: an nemi diyyar shanu 40, ba shi da su, aka yanke masa hukuncin kisa. Ga kuma rashin daidaito da idon ɗan Sahel ba zai tsallake ba. Kidane yana da tanti mai kyau, da mata, da ɗiya, da garaya irin ta zamani da yake kaɗawa da dare. Amadou taru kawai aka ba shi da fushi. A yankin da ake saurin ɗora laifin yaƙi a kan ƙabila sukutum, ba ƙaramin abu ba ne a ba wani ɓangare fuska a hana wani.

Yadda aka karɓi fim ɗin shi ma darasi ne a kan ra'ayin jama'a. Ya shiga gidajen silima na Faransa a Disamban 2014, bayan wata guda aka kai hari ofishin jaridar Charlie Hebdo. Nan take ya zama fim ɗin da Faransawa suke kallo don su fahimci abin da ya same su, har a Fabrairun 2015 ya kwashe lambobin César guda 7. A daidai waɗannan makonni, ran 16 ga Janairu, Damagaram ta kama da wuta saboda zanen ɓatanci na wannan jarida: aka ƙona majami'u da cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar, kashegari abin ya kai Yamai, mutum 10 suka rasu. Ran 6 ga Fabrairu Boko Haram ta auka wa Boso da Difa. A Wagadugu kuwa sai da aka yi ta shawarar janye fim ɗin daga bikin FESPACO don tsoron hari, kafin a nuna shi. Fim ɗaya ne, amma a can ta'aziyya ya zama, a nan kuwa abin da ake auna haɗarin nunawa. Waɗansu masu suka sun kuma tuna cewa Sissako mai ba shugaban Muritaniya na lokacin, Mohamed Ould Abdel Aziz, shawara ne kan al'adu. Wannan bai rage kyan hoto ko ɗaya ba, amma yana sa a sake duban abubuwan da aka yi shiru a kansu.

Sojan Faransa bai fito a fim ɗin ba, alhali labarin yana tsayawa ne a bakin ƙofar zuwansa. Ran 2 ga Fabrairun 2013 mutanen Tumbutu sun tarbi François Hollande da kiɗa da tutoci. A Nuwamban 2021 matasan Tera suka tare ayarin motocin sojan Faransa da ke kan hanyar Gao, mutum 3 suka mutu. A Agustan 2022 sojan suka bar Mali, a Disamban 2023 suka bar Nijar. Ba wani abu cikin Timbuktu da zai shirya mai kallo ga wannan juyi, domin juyin ya fito ne daga abubuwan da aka bari a waje: an kori baƙin daga birni, yaƙin bai ƙare ba, ya bazu cikin ƙauyuka har ya ƙetare iyaka biyu. Ɗalibin Maraɗi da za a nuna wa fim ɗin yau, tambayar da zai fara yi ita ce wa ya biya kuɗin yin sa, kuma amsar ta haɗa da kamfanonin Faransa. Tambaya ce da ta halatta. Hasara ce kawai in ta hana shi tsayawa ya kalli mai kifin nan da ta miƙa hannuwanta, ko Satima, wadda Toulou Kiki, mawaƙiya ƴar Nijar, ta fito a matsayinta, tana hawa tudu tana neman inda wayarta za ta kama.