Musulunta Daki-Daki: Tarken Littafin "Hanyar Makka" na Muhammad Asad

Galibin labaran musulunta ana gina su ne a kan rana guda: mutum ya ji aya, zuciyarsa ta girgiza, ya furta kalmar shahada. Littafin Muhammad Asad, wanda aka buga da Ingilishi a 1954 kuma aka fassara zuwa Larabci, ya saɓa wa wannan tsari, kuma a nan darajarsa take.

An haifi marubucin a 1900 a birnin Lemberg, cikin gidan Yahudawa, da sunan Leopold Weiss. Kakansa malamin Yahudanci ne, shi ma ya karanci Ibraniyanci tun yana yaro. A 1922 ya je Ƙudus, daga nan ya zama wakilin jaridar Frankfurter Zeitung, ya zagaya Masar, Sham, Iran da Afganistan. Bai musulunta ba sai a 1926 a Berlin.

Waɗannan shekaru huɗu su ne ƙashin bayan littafin. Asad bai fara da hujjar aƙida ba, da mutane ya fara: Balaraben ƙauye da ya raba gurasarsa da shi a jirgin ƙasa, dattijon da ya bayyana masa ma'anar ruku'u da sujada a Ƙudus, sahun masallata a masallacin Umawiyyawa na Dimashƙa. Daga baya ne karatu ya shigo, tare da zama da Shaihu Mustafa al-Maragi a Alƙahira. Don haka lokacin da ya ga damuwa a fuskokin mawadata cikin jirgin ƙarƙashin ƙasa na Berlin, ya koma gida idonsa ya faɗa kan Suratut Takasur, ayar ta sauka ne a gonar da aka daɗe ana sharewa.

Wannan ya dace da asalin tadarruji a Musulunci. Alƙur'ani ya sauka cikin shekara 23, an kuma haramta giya mataki-mataki. Aya ta 14 ta Suratul Hujurat ta bambance miƙa wuya da shigar imani cikin zuciya, Hadisin Jibrilu kuma ya jera Musulunci, imani da ihsani.

Sai dai a wannan ma'auni ne raunin littafin ya bayyana. Asad ya yi dogon bayani kan hanyar da ta kai shi ƙofa, amma ya taƙaita kan abin da ya biyo bayan shigarsa. Labarin ya tsaya a 1932, kuma shekarun da ya yi a Hijaz da Najadu sun cika da sahara, raƙuma da fadar Sarki Abdul'aziz. Mai karatu zai so ya ji yadda sabon Musulmi ya yi fama da ransa a kan salla, tuba da barin tsohuwar ɗabi'a, irin abin da Gazali ya fayyace a "Al-Munƙiz minad Dalal". Haka kuma ƙaunarsa ga Larabawan ƙauye ta kai shi ga zuzuta su, har wani lokaci kyawun al'ada da gaskiyar wahayi su cakuɗe. Kada a manta kuma, ya rubuta littafin ne bayan kusan shekara 30 da musuluntarsa, kuma mai waiwaye yakan miƙar da hanyar da ta kasance da kwana-kwana.

Duk da haka, darasin yana da nauyi ga masu da'awa. Idan kyakkyawar mu'amala ce ta fara jan Asad, to mummunar mu'amala na iya korar waninsa. Idan kuma imani yana ƙaruwa yana raguwa, kamar yadda Ahlus Sunna suka tabbatar, to kabbarar da ake yi ranar shahada ba ta sauke nauyi ba. Annabi (SAW) ya umarci Mu'azu ɗan Jabal, da zai tura shi Yaman, ya fara da tauhidi, sannan salla, sannan zakka. Sabon Musulmi yana buƙatar wanda zai taka waɗannan matakai tare da shi, ba wanda zai ƙirga shi ya wuce ba.

Allah ne mafi sani.