Ƙaho a Ƙasar Citta

Noman citta aikin duƙe ne tun daga farkonsa har ƙarshensa. A Kachia da Kwoi da Kagarko da ƙauyukan da ke kewaye da Kafanchan, manomi yana dasa iri a watan Afrilu ko Mayu yana sunkuye, ya lulluɓe gona da ganye yana sunkuye, ya yi ta cirar ciyawa da hannu don kada fartanya ta sari saiwa. In kaka ta yi a tono, a tsaga kowace citta biyu da wuƙa, a shanya, a ɗura a buhu, a ɗora a ka. Wanda ya yi shekara ashirin yana wannan ba ya bukatar likita ya gaya masa inda kwankwaso yake. Haka ɗan acaɓan da ke sintiri tsakanin Kafanchan da Kagoro ko Zonkwa, da ɗan dako a kasuwa, da matar da ke ɗauko itace daga gindin dutse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a duniya, kuma babu wani ciwo da ya kai shi kwantar da mutane daga aiki. A kudancin Kaduna, ɗaya daga cikin tsofaffin amsoshin wannan ciwo shi ne ƙahon wanzami.

Wanzanci ya shigo yankin ne tare da Hausawan da suka kafa zango a kan hanyoyin fatauci, irin su Zangon Kataf, da kuma masarautar Jama'a wadda aka kafa wajen 1810. Da layin dogo ya iso a 1927, Kafanchan ta zama mahaɗar jiragen Fatakwal da Kaduna da Jos, sannan a 1933 fadar Sarkin Jama'a ta dawo garin. Leburorin reluwe da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, suka zauna tare da Fantswam da Bajju da Kaninkon da mutanen Kagoro, harshen Hausa ya zama na ciniki a tsakaninsu. Inda duk aka tara masu aikin ƙarfi haka, mai aska da zabira ba ya rasa abin yi.

Yadda ake yin aikin bai canza sosai ba. Wanzami zai zaunar da mutum a tabarma ko kujera 'yar tsugunno, ya tuɓe riga, ya lalubi wurin da ke ciwo da yatsa. In da gashi ya aske. Sai ya jiƙa fata, ya kafa faffaɗan bakin ƙahon sa, ya zuƙe iskar ciki ta ɗan ramin da ke tsininsa, ya toshe ramin da guntun jijiyar da ya tauna ta yi laushi. Ƙaho ya kama, fata ta taso. Bayan ɗan lokaci ya cire, ya ɗauki 'yar tsaga ya yi ƙananan tsage a jere, ya sake kafawa ya zuƙa. Abin da ya taru a ciki yakan fito baƙi-baƙi, guda-guda, sai a juye shi a ƙasa ko a kasko a nuna wa mai ciwo: ga mataccen jinin da ke damunka. Wannan nunin yana cikin maganin. Mai shan ƙwaya ba ya ganin abin da ƙwayar ta yi masa, amma wanda aka yi wa ƙaho yana tashi ne bayan ya ga ciwonsa kwance a ƙasa an rufe shi da turɓaya.

To sai dai maganar mataccen jini ba ta tsayawa in aka auna ta da abin da aka sani game da jiki. Jini ba ya taruwa a bayan mutum ya mutu yana jiran a zuƙe shi. Jajayen ƙwayoyin jini suna yin kwana 120 ko kusa da haka, saifa da hanta su tsince tsofaffin, ƙoda ta tace dattin da ke yawo. Jinin da ke fitowa a ƙaho na ƙananan jijiyoyin fata ne, kuma duhunsa da gudajinsa sun zo ne daga daskarewar da ya yi a cikin ƙahon. Da za a kafa wa lafiyayyen saurayi, irinsa za a gani. Shi ma zagayen tabon da ke saura a fata ba shaidar dafi ba ce, tsiyayar jini ce a ƙarƙashin fata saboda ƙarfin zuƙa. Duniya ta ga irin wannan tabo a kafaɗar Michael Phelps, ɗan ninkayar Amurka, a gasar Olamfik ta Rio a 2016, kuma daga nan ƙaho ya zama abin yayi a wuraren motsa jiki na ƙasashen Turai.

Duk da haka, wanda ya ce manomin da ya miƙe yana cewa jikinsa ya saki ƙarya yake yi, bai yi masa adalci ba. Zuƙar tana jan fata da naman da ke ƙarƙashinta, jini ya ƙaru a wurin, jijiyoyin ji su motsa. An kuma san cewa sabon zafi a fata yakan dushe tsohon ciwo na ɗan lokaci, domin ƙwaƙwalwa da laka suna da hanyar rage saƙon ciwo in wani saƙon ya shigo. A haɗa da zaman kusan awa guda babu aiki, da hannun da ya taɓa daidai inda ke ciwo, da mutumin da ya saurari kukanka bai duba agogo ba, da kuma yardar da ka zo da ita. Waɗannan duka suna rage ciwo, kuma ragin na gaske ne.

Tambayar ita ce ko ƙahon kansa yana ƙara wani abu a kan haka. A 2015 masu bincike a Saudiyya sun gwada ƙaho mai tsaga a kan mutum 80 masu daɗaɗɗen ciwon baya, rabi aka yi musu, rabi ba a yi ba. Waɗanda aka yi wa sun fi samun sauƙi. Amma kowa ya san rukunin da yake ciki, kuma wanda aka bari haka nan ba shi da dalilin sa rai. A 2021 wasu a Brazil suka toshe wannan kafa: mutum 90, mako takwas, rabi ana kafa musu kofi mai zuƙa na gaske ba tare da tsaga ba, rabi kuma kofin bogi mai ɗan rami da iska ke shiga. Dukansu sun ce sun ji sauƙi, kuma babu wani bambancin kirki tsakaninsu. A ganina abin da za a iya faɗa da gaskiya shi ne ƙaho yana kawo sauƙi na kwanaki ko makonni ga tsamin jiki da ɗaurewar nama, ba ya gyara ƙashi, ba ya kuma tsayar da ciwon da sana'ar mutum ke sabunta masa kowace safiya.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne in aka duba abin da ƙaho ke gogayya da shi a zahiri. Mutumin ƙauye mai ciwon kwankwaso ba ya zaɓe tsakanin wanzami da likitan gashin ƙashi, domin irin waɗannan likitoci kaɗan ne, kuma sai a manyan asibitoci. Zaɓinsa yana tsakanin wanzami da kemis, inda za a ƙulla masa haɗi a leda: diclofenac, ibuprofen, wani lokaci har da ƙwayar sitiroyid, ya sha da safe ya sha da dare shekara da shekaru. Ƙarshen wannan hanya gyambon ciki ne da lalacewar ƙoda. Ga kuma tiramol, wanda da yawa suka fara sha don su iya aikin gona ko dako, ya zame musu jaraba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum miliyan 4.6 a Nijeriya na shan magunguna irin su tiramol ba bisa umarnin likita ba. In aka jera su, ƙahon da aka yi da tsabta sau biyu a shekara ya fi haɗin kullum sauƙin illa nesa ba kusa ba.

Sharaɗin tsabtar nan shi ne inda gizo ke saƙa. Wani binciken lafiya na ƙasa mai suna NAIIS da aka yi a 2018 ya gano kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan Nijeriya masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B, yawancinsu ba su ma sani ba. Wato in wanzami ya yi wa mutum goma sha biyu ƙaho ranar kasuwa, akwai yiwuwar ɗaya a cikinsu na ɗauke da ita. Ƙwayar tana iya yin kwana bakwai a raye cikin busasshen jini a jikin aska, kuma ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa ƙwarai. Goge aska da tsumma ko wasa ta a fata ba ya kashe ta. Yawancin mutane sun waye da zancen sabuwar reza, har wasu kan zo da tasu, amma ana mantawa da ƙahon kansa. Cikinsa yana da kaushi da ƙananan tsage inda jini ke maƙalewa, kuma bakinsa a kan sabon rauni yake zama.

Illa ta biyu jinkiri ce. Ba kowane ciwon baya ne na gajiya ba. Tarin fuka yana cin ƙashin baya har ya karya shi, ciwon dajin mafitsara da na nono suna iya fara bayyana a matsayin ciwon kwankwaso, haka ma ciwon ƙoda. Ciwon da ke zuwa da rama ko zazzaɓin dare, ko mutuwar ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, ba na tabarmar wanzami ba ne, na babban asibitin da ke cikin Kafanchan ne, kuma da wuri. Mai sikila da mai ƙarancin jini da mai juna biyu ba su da jinin da za su zubar. Mai ciwon suga kuma ƙaramar tsaga na iya zame masa gyambo.

A shekarun baya-bayan nan ƙaho ya sake shiga gari da sabon suna. Shagunan magungunan Musulunci suna kiransa hijama, da kofunan roba da ɗan famfon hannu da safar hannu, wani lokaci har da gadon asibiti da labule, mata kuma suna yi wa mata. Tushensa a addini tabbatacce ne. Buhari ya ruwaito cewa Abu Ɗaiba ya yi wa Annabi (SAW) ƙaho kuma an biya shi ladansa, akwai kuma ruwayoyi a Tirmizi da Abu Dawuda da suka ambaci ranakun 17 da 19 da 21 ga watan Musulunci. Likitocin Musulmi na da, irin su Az-Zahrawi na Kurɗuba da Ibn Sina, sun yi rubutu a kan wuraren da ake kafa shi da waɗanda bai kamata a yi wa ba. Ta fuskar tsabta, kofin roba da ake jefarwa bayan mutum ɗaya ci gaba ne babba, in dai da gaske ana jefarwar.

Abin da ya fi damuna da sabon salon shi ne faɗin bakinsa. Tsohon wanzami yana da iyaka: ciwon baya, ciwon kai, nauyin jiki, kumburi. In karaya ce ya tura wa maɗori. Allon wasu masu hijama kuwa yakan jera hawan jini da suga da rashin haihuwa da shanyewar ɓarin jiki da sihiri, duk a kofi ɗaya, bayan horon da bai wuce 'yan kwanaki ba. Kasancewar abu sunna bai mayar da kowace da'awar mai talla gaskiya ba, kuma mutumin da ya ajiye maganin hawan jini saboda an zuƙe masa jini a ƙeya yana cikin haɗari. Saudiyya, wadda ba za a zarge ta da ƙin sunna ba, ta mayar da hijama aikin da sai da lasisi da horo da ƙa'idar zubar da kayan da jini ya taɓa.

Kafanchan tana da abin da ake bukata don yin irin wannan a ƙaramin mataki. Akwai kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma a garin, akwai babban asibiti, wanzamai kuma ba mutane ne warwatse ba, tun da can suna da shugabanci a ƙarƙashin Sarkin Aska, kuma magana in ta bi ta wannan hanya tana isa. Abin da za a koyar bai fi a ƙirga da yatsu ba: reza ɗaya mutum ɗaya, a tafasa ƙaho ko a koma kofin da ake jefarwa, a san alamomin da ke cewa a tura asibiti. An ce wanzami ba ya son jarfa, amma a wannan karon shi ya fi kowa bukatar a tsira masa allura, domin shi ne ke zuƙa da baki, shi ne kuma jinin mutane ke taɓa wa hannu kullum. Sai a 2004 Nijeriya ta sa rigakafin ciwon hanta nau'in B cikin alluran jarirai, don haka duk wanzamin da aka haifa kafin wannan shekara bai samu ba sai in shi ya je ya nema. Allura uku ce cikin wata shida.