Kalmar "Immature" da Kuskuren Masu Fassara

Akwai wata ɗabi'a da ta yi kaka-gida a tsakanin masu fassara a gidajen rediyo da malaman makaranta, watau mayar da kalmar Ingilishi "immature" zuwa "rashin balaga" a duk inda ta fito. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa wannan fassara gurguwa ce, kuma takan jawo ɓarna.

Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin abin da bai nuna ba, ko wanda ya zo kafin lokacinsa. Ta shiga Ingilishi a ƙarni na 16, kuma da fari akan yi amfani da ita wajen siffanta mutuwar da ta zo da wuri. A yau Bature yakan faɗe ta a kan abubuwa uku: tsiron da bai kai ba, da jikin da bai gama girma ba, da halin babban da ke abu irin na yara. Ma'ana ta ukun ce ta fi yawa a bakin mutane, kuma zargi ce.

Hausa ba ta haɗa waɗannan uku a kalma guda ba. Manomi a Roni ko Gwiwa zai ce gero bai ƙosa ba, mangwaro bai nuna ba, ɗan maraƙi bai riƙa ba. Babu aibu a cikin ko ɗaya, lokaci ne kawai bai yi ba. Hasali ma tumu, da ake gasawa daga sabon gero tun kafin a yi girbi, abin marmari ne.

Ita kuwa "balaga" ararriya ce daga Larabci, kuma kalma ce ta shari'a. Tana tabbata da alamomin jiki, ko da cikar shekara 18 a mashahurin zancen mazhabar Malikiyya. Malaman fiƙihu sun bambanta ta da "rushdu", watau iya tattalin dukiya da sanin ya-kamata, bisa aya ta 6 ta Suratun Nisa'i, wadda ta gindaya sharuɗɗan biyu kafin a miƙa wa maraya dukiyarsa. Ke nan mutum yana iya balaga alhali yana safihi. Abin da Bature ke nufi da ma'ana ta uku ya fi kusa da rashin rushdu.

To, a nan ɓarnar take. Alal misali, idan malami a Kazaure ya rubuta kalmar a takardar sakamakon ɗalibi mai shekara 17, aka fassara wa mahaifinsa cewa ɗansa bai balaga ba, an ba shi labarin jiki, alhali korafin malamin a kan hali ne. Haka nan in aka ce wa magidanci a kasuwar Babura bai balaga ba, an taɓa mazantakarsa, ba hankalinsa ba. Mafi hatsari shi ne juyin wannan kuskure. Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta ɗauki duk wanda bai kai 18 ba a matsayin yaro. Idan aka fassara cikar hankali da "balaga" a muhawarar aurar da 'yan mata, sai ɓangarorin biyu su yi ta jayayya, kowa da abin da yake nufi.

Hausa ba ta rasa madadi ba. Akwai "yarinta" da "ƙuruciya" ga abin da shekaru za su magance, kamar yadda karin magana ke cewa ta yaro kyau take, ba ta ƙarko. Akwai kuma "ɗanyen kai" ga wanda shekaru suka zo amma hankali ya makara. Abin lura shi ne wannan ta ƙarshe ta dace da asalin kalmar ta Latin, domin duka biyun daga siffar abin da bai nuna ba suka ɗauko hotonsu. Tun a 1934 ƙamusun Bargery ya nuna yalwar irin waɗannan kalmomi, balle Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006.

Saboda haka ya wajaba mai fassara ya fara tambayar kansa: mene ne bai kai ba, tsiro ne, ko jiki, ko hankali? Amsar ita za ta zaɓa masa kalmar da ta dace.