Salon Yanki da Matsalar Asali a Kiɗan Gargajiyar Ayilan

1.0 Gabatarwa

Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. A kan irin wannan ra'ayi ne manazarta da dama suka gina bayaninsu game da kiɗan gargajiyar ƙasar Ayilan, wato cewa kowane yanki yana da salon goge nasa, kuma makaɗi na ƙwarai shi ne wanda bai kauce wa salon garinsu ba. A cikin wannan takarda za mu auna wannan ra'ayi da ma'aunin tarihi, domin mu ga inda ya tsaya da ƙafafunsa da kuma inda ya rame.

2.0 Rabe-raben Salo

Wanda ya fi kowa yaɗa wannan rabe-rabe shi ne Seán Ó Riada, a jerin shirye-shiryen da ya gabatar a gidan rediyon ƙasar a 1962. Bisa ga abin da aka saba faɗi, gogen Sligo yana da sauri da yawan adon yatsu, na Clare yana tafiya a natse, na Donegal kuwa jan baka ne gajere mai kaifi. Yankin Sliabh Luachra, a kan iyakar Cork da Kerry, an san shi da kiɗan rawar polka. Ba mu musa cewa kunne yana jin waɗannan bambance-bambance ba. Abin tambaya shi ne daga ina suka fito.

3.0 Abin da Tarihi ya Nuna

Da farko, salon da ake kira na Sligo a birnin Niyok ya yi suna. Michael Coleman, wanda aka haifa a 1891, ya yi ƙaura zuwa Amurka a 1914, ya kuma ɗauki faya-fayan garmaho masu yawa tsakanin 1921 da 1936. Da faya-fayansa da na James Morrison da Paddy Killoran suka iso gida, sai samari a ko'ina suka shiga kwaikwayonsu, har wasu salailan ƙauyuka suka dusashe. Ashe ke nan na'urar da ta ɗaukaka salon yanki guda ita ce ta danne na sauran, kuma abin da ake kira salon lardi, in an bi diddigi, hannun mutum biyu ne ko uku.

Haka abin yake a Sliabh Luachra, inda malami guda, Pádraig O'Keeffe, wanda ya rasu a 1963, ya horar da Denis Murphy da Julia Clifford. Ita kanta polka daga Bohemiya ta fito a ƙarni na 19. Salon Donegal ma ya sha ruwan Sikotilan, saboda mutanen yankin sun daɗe suna zuwa can cin rani. Hatta littafin da makaɗa suka fi dogara da shi, mai ɗauke da karin kiɗa 1,001, a Shikago Francis O'Neill, tsohon shugaban 'yan sandan birnin, ya wallafa shi a 1907. Saboda haka duk wanda ya ce asali shi ne rashin gauraye, to, tarihi bai goyi bayansa ba.

4.0 Hatsarin Gasa da Hatsarin Daskarewa

Dokar gidajen rawa ta 1935 ta raunana kiɗan cikin gida, inda yaro kan koya daga maƙwabcinsa. Ƙungiyar Comhaltas Ceoltóirí Éireann, wadda aka kafa a Mullingar a 1951, ta farfaɗo da kiɗan ta hanyar gasa, kuma wannan aiki ne abin yabo. Sai dai gasa tana da alƙalai, kuma mai neman lamba yakan kaɗa abin da alƙali yake so, ta haka hannaye suke komawa iri ɗaya. Wannan shi ne kukan masu kishin yanki, kuma a ganinmu suna da gaskiya.

Amma maganin da wasunsu suke bayarwa shi ma cuta ne. In aka ɗauki faifan 1930 aka ce shi ne iyakar salon Sligo, an mai da abu mai rai kayan tarihi. Coleman kansa bai tsaya inda ya tarar da magabatansa ba. Wannan saɓani ne ya fito fili a taron da aka yi a Dabilin a 1996, inda Tony MacMahon ya tsaya wa gado, Mícheál Ó Súilleabháin kuma ya tsaya wa sabuntawa.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa salon yanki gaskiya ne, amma ba daga ƙasa ya tsiro ba, mutane ne suka gina shi da koyo da tafiye-tafiye da aro. Don haka muna ba da shawara a riƙa auna asalin makaɗi da silsilar malamansa, wato wa ya saurara, wa ya zauna da shi, me kuma ya ƙara da saninsa. Makarantar bazara ta Willie Clancy, da ake yi a Miltown Malbay tun 1973, ta nuna cewa baƙo yana iya shiga wannan silsila in ya yi haƙurin saurare. Ya rage ga manazarta su bi sawun waɗannan silsiloli tun masu riƙe da su suna raye.