Jinjina ga Masu Rainon da ke Ajiye Waya

Tun kafin rana ta ɗaga, a unguwannin Gwange da Bulumkutu da Hausari na Maiduguri, mata kan ajiye 'ya'yansu a gidan maƙwabciya, su wuce kasuwa ko asibiti ko makarantar da suke koyarwa. Wadda ake bar wa yaran, ita nake yi wa jinjina.

Aikinta ba hutu. Mai rarrafe ya nufi murhu, wani ya leƙa bokitin ruwa, ga na goye yana kukan yunwa. A watan Afrilu, da zafin Maiduguri ke haura digiri 40, haka za ta riƙa bin su da kofin ruwa, don yaro ba ya faɗin ƙishi sai ya galabaita.

Abin da ya fi burge ni shi ne dokar da ƙwararru cikin masu raino suka ɗora wa kansu: waya tana cikin jaka. Sai uwa ta kira, ko jikin yaro ya yi zafi, ake ɗaukarta. Ba kallon TikTok, ba sa hoton ɗan wani a WhatsApp, ba miƙa wa yaro waya don ya yi shiru. Ƙaramin yaro kan nutse a ruwan baho cikin 'yan mintuna, ko ihu babu, kuma mai raino ta san haka.

Gwamna Babagana Zulum ya sa hannu kan dokar kare yara ta Borno a 2022, amma a tsakar gida idon wannan baiwar Allah ne ke aiki da ita.

Iyaye, ku biya su haƙƙinsu a kan kari, ku kuma rage yawan kira.