Jita, Addini da Jama'a: Nazari kan Kiɗan Mdou Moctar

Gabatarwa

A ƙasar Adar, daga Madawa zuwa Buza da Keita, Hausawa da Abzinawa sun daɗe suna cin kasuwa ɗaya, suna salla sahu ɗaya. Amma akwai wani amo da ya taso daga arewacin wannan jiha ta Tawa, ya zagaya duniya, alhali masu nazarin gida ba su ba shi haƙƙinsa ba. Wannan amo shi ne na jitar Mahamadou Souleymane, wanda aka fi sani da Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cin Tabaraden. Jaridun Turai da Amurka sun sa shi sahun manyan makaɗan rok. Wannan maƙala tana so ta nuna cewa ma'aunin nasu ya gaza, domin a al'adarsu an fi kallon rok a matsayin tawaye ga iyaye da addini, shi kuwa wannan kiɗa a cikin imani da jama'a ya yi saiwa.

Asalin Mawaƙin

Mdou Moctar ya tashi a gidan da ake riƙe da addini, inda ba a yi na'am da kiɗa ba. Bayan ya ga wasan Abdallah Oumbadougou, jigon makaɗan jita na Abzinawan Nijar wanda ya rasu a 2020, sai ya harhaɗa jitarsa ta farko da katako da wayar burkin keke. Bahago ne, da hagu yake kiɗa har yau.

Abin da ya kamata Bahaushe ya lura da shi shi ne, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko, Anar, a 2008, inda aka sarrafa muryarsa da na'ura irin yadda ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa na lokacin. Waƙoƙin ba su bi ta kanti ba; daga salula zuwa salula suka yaɗu ta hanyar Bluetooth, har Ba'amurke Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds ya tsince su, ya sa ɗaya cikin tarin Music from Saharan Cellphones. Ke nan jama'a ce ta fara zaɓen mawaƙin kafin wani kamfani ya san da zamansa, kuma akwai hannun Hausa a tukunyar tun farkon sanwa.

Rikicin Uba da Ɗa

A 2015 Kirkley ya fitar da fim mai suna Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka ɗauka a Agadas bisa tsarin fim ɗin Purple Rain na mawaƙi Prince. A ciki Mdou ya fito a matsayin saurayi mai jita wanda mahaifinsa mai tsananin riƙon addini ya lalata masa kayan kiɗa. Fim ɗin yana da armashi, amma rigar aro ce, kuma kayan aro ba ya rufe katara. Ya sa baƙon mai kallo ya ɗauka cewa zaɓi biyu ne kawai: ko masallaci ko jita.

Tarihin yankin bai goyi bayan wannan fahimta ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 a Maratta, cikin jihar Tawa ta yau, ya soki shagalin da ke cakuɗa maza da mata yana shagaltar da mutane daga ibada. Duk da haka shi da ƴarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da talakawa. Ashe tun can tambayar ba ta tsaya kan amo kaɗai ba. Ta haɗa da abin da ake faɗa, da wurin da ake faɗarsa, da abin da yake haifarwa. Saɓanin malamai kan kayan kiɗa yana nan, kuma hukuncinsa nasu ne. Aikin mai nazari shi ne ya dubi abin da ke cikin waƙar.

Abin da Waƙoƙin Suka Ƙunsa

Faifan da ya fitar a 2019 sunansa Ilana: The Creator, wato da ambaton Mahalicci aka raɗa masa suna. A Afrique Victime na 2021, waƙar Chismiten tana magana kan hassada, mawaƙin yana neman tsarin Allah daga zama mai ita. Wannan jigo ne da kowane mai wa'azi a kasuwar Buza zai gane. Waƙar da faifan ya ci sunanta kuwa kuka ce kan zaluncin da aka yi wa Afirka. A Funeral for Justice na 2024, Imouhar kira ce ga Abzinawa su riƙe harshensu, Oh France kuma tuhuma ce ga tsohuwar uwargijiyar mulkin mallaka. Tawayen da ke nan na ƙin zalunci ne, ba na ƙin Ubangiji ba.

Ta fuskar salo, ƙarfin kiɗan yana cikin maimaici. Jitar Ahmoudou Madassane tana riƙe da zare ɗaya, gangar Souleymane Ibrahim tana ƙara sauri kamar sukuwar raƙumi, Mdou kuma yana yawo a samansu. Tsarin dandalin biki ne, inda tafi da amshi suke cikin kiɗan. Ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta Fatou Seidi Ghali, daga wani ƙauye kusa da Abalak, ta ƙara fito da wannan asali, domin ta haɗa jita da tende, kiɗan mata da ake yi da turmin da aka rufe da fata.

Inda Aka Gaza

Sai dai yabon gwani ba ya hana a faɗi aibinsa. A Funeral for Justice rugugin jitar lantarki yakan danne murya, saƙon da aka sha wahalar tsarawa ya nutse. Mai sauraro a Landan yana jin ƙara ba ya jin magana. Maƙwabci Bahaushe a Madawa, wanda ba ya jin Tamashek, shi ma haka. Juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ya rutsa da ƙungiyar a Amurka, a can suka sake ɗaukar waƙoƙin cikin sanyin amo, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice. A nan kalma ta samu sarari, kuma shi ya fi cancanta malami ya fara da shi.

Kammalawa

Malaman makaranta da ƙungiyoyin al'adu na Buza, Keita da Madawa suna da aiki a gabansu: su nemi masu jin harsunan biyu su fassara waɗannan waƙoƙi zuwa Hausa, a nazarce su kamar yadda ake nazarin Ɗan Anace ko Shata. Yaron da ya ɗauki jita, idan aka kore shi daga zaure, zai koyi amon ya bar ma'anar. Idan kuwa aka zaunar da shi aka tambaye shi abin da yake faɗa da wanda yake faɗa wa, an ɗora masa nauyin da kowane mawaƙin kirki yake ɗauka a gaban Allah da jama'arsa.