Tarken Ra'ayoyin Masu Karatu a kan Tarihin Rayuwar J.R.R. Tolkien na Humphrey Carpenter

1.0 Gabatarwa

Al'ada ce a sassan nazarin harshe da adabi, idan ɗalibi zai rubuta kundi a kan wani marubuci ko mawaƙi, ya fara da babin tarihin rayuwarsa, wato haihuwa da ƙuruciya da neman ilimi da aure da rasuwa. Daga nan sai ya shiga jigo da salo. Sau da yawa babin farko da sauran babobin ba sa haɗuwa ko'ina, hanyar jirgi daban, ta mota daban. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: me tarihin marubuci yake iya bayyanawa game da aikinsa, me kuma ya fi ƙarfinsa?

Wannan takarda ta ɗauki misali ɗaya daga adabin Ingilishi domin duba wannan tambaya. Misalin shi ne littafin J.R.R. Tolkien: A Biography wanda Humphrey Carpenter ya rubuta, kamfanin George Allen & Unwin ya buga a 1977. Tun fitowarsa masu karatu suka rabu a kansa. Za a kawo ra'ayoyinsu, a auna hujjar kowane ɓangare, sannan a nuna abin da ɗalibin harshe zai amfana da shi.

2.0 Marubucin da Littafin

An haifi John Ronald Reuel Tolkien a Bloemfontein, cikin ƙasar da a yau ake kira Afirka ta Kudu, ranar 3 ga Janairu 1892. Mahaifinsa ya rasu a 1896, mahaifiyarsa kuma a 1904, saboda haka ya tashi maraya a Ingila a hannun wani limamin Katolika, Fada Francis Morgan. Ya halarci Yaƙin Duniya na Ɗaya, ya yi aiki a babban ƙamusun Ingilishi na Oksfod, sannan a 1925 ya zama farfesan tsohon Ingilishi a jami'ar Oksfod. Ya yi ritaya a 1959, ya rasu a 1973. Duniya ta san shi da ƙagaggun labaran al'ajabi, wato labaran da ake gina su a wata duniya ta ƙirƙira mai nata halittu da tarihi da harsuna. Fitattu daga ciki su ne The Hobbit (1937) da The Lord of the Rings (1954 zuwa 1955).

Shi kuwa Carpenter (1946 zuwa 2005) haifaffen Oksfod ne, kuma ma'aikacin rediyo. Ya ziyarci Tolkien a gidansa a 1967, da wannan ziyara ce ma ya buɗe littafin. Bayan rasuwar Tolkien iyalinsa suka ba Carpenter izinin duba wasiƙunsa da kundayen da yake rubuta al'amuransa na yau da kullum, waɗanda wasunsu da haruffan da ya ƙirƙiro ya rubuta su. A gabatarwarsa Carpenter ya ambaci abubuwa biyu da ya kamata a riƙe. Na farko, Tolkien bai yarda cewa bin diddigin rayuwar marubuci hanya ce ta fahimtar adabinsa ba. Na biyu, shi Carpenter ya ƙudura ba da labarin rayuwar ne kawai, ba tare da yanke hukunci a kan ƙagaggun labaran ba.

3.0 Ra'ayoyin Masu Karatu

Ana iya kasa ra'ayoyin gida huɗu.

3.1 Masu Yabo

Waɗannan su ne gama-garin masu karatu, kuma abin da suke yabawa shi ne daɗin karatu. Carpenter ya iya ba da labari. Ya kawo yadda Fada Morgan ya hana Tolkien ganin Edith Bratt har sai ya cika shekara 21, da yadda ya rubuta mata wasiƙar neman aure da cikar wa'adin, da aurensu a 1916, har zuwa kabarinsu da aka rubuta wa sunayen Beren da Lúthien, masoya biyu na cikin labaransa. Akwai kuma babin da ya zana yini guda na rayuwar Tolkien a Oksfod, tun daga zuwa coci da safe har zuwa zaman rubutu cikin dare. Wannan yabo yana kan hanya. Littafin bai cika tsawo ba, jerin shekarunsa a tsare yake, kuma wanda bai taɓa jin sunan Tolkien ba zai iya bin sa daga farko har ƙarshe.

3.2 Masu Zargin Hannun Iyali

Kashi na biyu suna ganin littafin da aka rubuta da izinin iyali ba zai faɗi komai da komai ba, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Suna da madogara, tun da Carpenter da kansa ya faɗa daga baya cewa iyalin ba su amince da daftarinsa na farko ba, sai da ya sake rubuta shi. Sai dai idan aka koma ga littafin za a tarar bai ɓoye komai ba kamar yadda ake zato. Ya nuna kaɗaicin da Edith ta yi fama da shi a Oksfod, da saɓaninta da mijinta a kan wasu al'amuran addini, da yadda abotar Tolkien da marubuci C.S. Lewis ta yi sanyi a ƙarshe. Ya kuma nuna jan ƙafarsa wajen kammala aiki. Don haka zargin ya nuna akwai iyaka, amma bai tabbatar da cewa an yi ƙarya ba.

3.3 Masu Ƙorafin Fassarar Hali

Kashi na uku sun yarda da abubuwan da Carpenter ya ruwaito, amma ba su yarda da ma'anar da ya ba su ba. Fitacciya a cikinsu ita ce Holly Ordway. A littafinta Tolkien's Modern Reading (2021) ta ƙalubalanci hoton da rubuce-rubucen Carpenter suka bari, na cewa Tolkien mutum ne da ya nutse a tsofaffin matani, bai damu da adabin zamaninsa ba. Ta tattaro littattafai fiye da 200 na zamani waɗanda akwai shaidar ya san su, ciki har da na William Morris da H. Rider Haggard da Isaac Asimov. A wani littafin, Tolkien's Faith (2023), ta bi tarihin addininsa daki-daki. Ƙorafin masu wannan ra'ayi shi ne, Carpenter ya fi danganta riƙon addinin Tolkien da begen mahaifiyarsa, wadda danginta suka juya mata baya bayan ta shiga ɗariƙar Katolika a 1900, alhali kuwa imani ne na mai hankali da ya yi tunani a kansa tsawon rai. A nan hujjarsu tana da ƙarfi, domin lissafin littattafai abu ne da kowa zai iya dubawa.

3.4 Masu Ƙorafin Giɓi

Kashi na huɗu su ne manazarta, kuma abin da ya dame su shi ne abin da littafin ya taƙaita. Misali na farko shi ne yaƙi. Carpenter ya ba shi ƴan shafuka, amma John Garth ya ba shi littafi guda, Tolkien and the Great War (2003). Garth ya nuna yadda biyu daga cikin aminan Tolkien uku na makaranta, Rob Gilson da G.B. Smith, suka mutu a Faransa a 1916, da yadda Tolkien ya fara rubuta labarin faɗuwar birnin Gondolin yana jinyar zazzaɓin da ya kwaso a ramukan yaƙi. Misali na biyu shi ne harshe, kuma shi ne ya fi shafar masu wannan darasi.

4.0 Tarke

Akwai wuri guda a littafin da aka fi jawo wa Carpenter magana a kai. Da ya iso 1925 sai ya nuna cewa, a zahiri, daga nan babu wani abin a-zo-a-gani da ya sake faruwa a rayuwar Tolkien: koyarwa ce da gyaran takardun jarrabawa da renon ƴaƴa huɗu. Adalci shi ne a ce Carpenter ya faɗi haka ne domin ya jawo hankali ga abin mamaki, wato yadda rayuwa mai sauƙi irin wannan ta haifar da irin waɗannan labarai. Ya kuma keɓe babi ga aikin Tolkien na ilimi. Duk da haka, tambayar da ya tayar bai amsa ta ba, kuma dalili shi ne amsar tana cikin fannin da ba nasa ba, wato filoloji, ilimin bin tarihin kalmomi da tsofaffin matani.

Wanda ya cike wannan giɓi shi ne Tom Shippey, a littafinsa The Road to Middle-earth (1982). Shi ma masanin tsohon Ingilishi ne. Ya jawo hankali ga alamar tauraro da masana ke sa wa kalmar da ba a taɓa samun ta a rubuce ba, amma aka gano ta ta hanyar kwatanta harsuna ƴan gida ɗaya. Ɗaliban harsunan Afirka sun san wannan alama daga aikin sake gina uwar harsunan Cadi. Hujjar Shippey ita ce, Tolkien ya ɗauki wannan dabara ya miƙa ta daga kalma zuwa labari: idan ana iya gano kalmar da ta ɓace, ana iya hasashen mutanen da suka furta ta da labarin da suka bayar.

Misalai suna da yawa. Sunan Earendel ya same shi a wata tsohuwar waƙar Ingilishi, inda yake nufin wani tauraro mai haske, a 1914 kuma ya rubuta waƙa a kansa, wadda ta zama tsiron duk tatsuniyoyinsa. Kalmar ent a tsohon Ingilishi tana nufin ƙato, shi kuma ya mai da ita sunan wasu halittu masu siffar bishiya. Sunan sarki Théoden kalma ce ta tsohon Ingilishi mai ma'anar shugaban jama'a. Sunayen wadannin The Hobbit, har da na Gandalf, daga wata tsohuwar waƙar ƙasar Aislan ya ɗebo su. Harsunan da ya ƙirƙira ma suna da tushe: Quenya ya ɗauki kamannin harshen Finlan, Sindarin kuma na harshen Wales. A wata wasiƙa ta 1955 ya bayyana cewa harsunan ne suka riga, labaran sun biyo baya ne domin harsunan su sami duniyar zama. Idan haka ne, shekarun da aka ce babu abin da ya faru a cikinsu su ne suka fi cika da aiki, sai dai aikin a kan teburin karatu aka yi shi, inda mai neman aukuwa ba zai gan shi ba.

Amma fa ko masu suka ba su da makawa daga Carpenter. Har yanzu ba a buga kundayen Tolkien na yau da kullum ba, saboda haka abin da akasarin manazarta suka sani game da su ta hannun Carpenter ya zo. Shi ne kuma, da taimakon Christopher Tolkien, ya tace wasiƙu 354 da aka buga a 1981, waɗanda aka faɗaɗa a bugun 2023. Wasu daga hujjojin da ake kafawa a kansa daga waɗannan wasiƙu aka ciro su, misali wasiƙar da Tolkien ya ambaci jin daɗin karanta Asimov. Ashe da tsaninsa aka hau aka hango abin da bai hango ba.

5.0 Kammalawa

Wannan takarda ta nuna cewa saɓanin masu karatu a kan littafin Carpenter ya samo asali ne daga bambancin abin da kowa ya je nema. Mai neman labari ya samu. Mai neman asirin gida ya sami kaɗan. Mai neman zuciyar marubucin ya sami fassarar da ake jayayya a kanta. Mai neman tushen aikin kuwa sai ya haɗa da Shippey da Garth. Littafin abin dogaro ne wajen aukuwa da shekaru, amma yana buƙatar taka-tsantsan wajen hukunci.

Ɗalibin da zai rubuta tarihin wani marubuci yana iya ɗaukar darussa uku daga nan. Ya tambayi wane ne ya ba da takardun da aka yi aiki da su, kuma da wane sharaɗi. Ya raba abin da aka ruwaito da ma'anar da mai ruwaya ya ɗora masa. Sannan ya koyi sana'ar wanda yake rubutu a kansa, domin wanda bai san abin da alamar tauraro take nufi ba zai wuce shekaru 48 na ƙarshen rayuwar Tolkien yana zaton farfesa ne kawai ke gyaran takardun jarrabawa.